Nuhud, Wa Ke Cikinki?

Gadarif, farkon damina

Uwata,

Sallama irin ta addini da gaisuwa mai yawa daga kakanki Mijinyawa ɗan Mudi, yayan kakanki Mahmudu, Allah ya jiƙansa. Sunanki na yanka sunan mahaifiyata ne, saboda haka Mailafiya tela da ke rubuta min takardar nan shi zai sa shi a bayan ambulan, ba daga bakina zai fito ba. In kin ga kalma ta karkace, ɗinkinsa ne.

Muna lafiya, sai gwiwa, ita kuwa mun daɗe da cire ta daga lissafi. Mahaifiyarki Hadiza ta ce in tambaya ko kina samun kisra, wainar dawar nan tamu, a Kano. Na ce mata ƙasar tuwo kika koma, ta bar ki ki ci abincin kakanninki. Yayanki Wada ya kawo min wayar hannu daga Fau, wai in riƙa jin muryarki. Na mayar masa da abarsa. Maganar da ba ta yi tafiya ba, ba ta kwana a hanya ba, ban san da me zan auna ta ba. Alhaji Jatau zai wuce Jidda, a can ba a rasa mutanen Kano masu komawa gida, su za su kawo miki wannan.

Ruwa ya sauka. Baƙar ƙasar nan da ta tsattsage har akuya ke karya ƙafa a ciki ta rufe bakinta, taraktoci sun fita, gari duk ƙamshin laka.

Ga abin da ya sa na raba Mailafiya da kekensa. Kin san zangunanmu, duk yaron gidan nan ya iya jera su kafin ya iya ɗaura wando: Haɗeja, Kukawa, Dikwa, Kusuri, Ati, Abashe, Jinaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Kosti, Sannar, Gadarif. Makka ce ta gaba, har yau muna hanya. To wannan jerin katanga ce kawai. Akwai abin da ke bayanta, kuma ni kaɗai na rage da ke riƙe da shi. Na karɓa daga gwaggona Mairama, ita kuma daga mahaifinta Yusuf, wanda ya tako hanyar da ƙafarsa. Ba a bayar da shi sai jinin gida ya tambaya, kuma mai riƙo ba ya koya wa kowa yadda ake tambayar. Gwaggo takan ce tulun da bai buɗe baki ba, zuba masa ruwa ɓarna ce. Ni ma na yi shekaru ina zagaya katangar kafin in dace.

'Ya'yana sun san kasuwar riɗi da ciwon tarakta, babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya tambaya. Da ban damu ba. Amma kullum bayan sallar asuba nakan zauna bisa angarib, gadona na igiya, in rufe ido in bi hanyar tun daga Haɗeja, ina leƙa kowane zango ina gaida mutanen ciki. Kwanan baya na shiga Ati na tarar ba kowa. An share ɗakin, tabarma na shimfiɗe, har da ɗumin wanda ya tashi daga kanta, amma sunansa ya tafi. Na jira har rana ta take, bai dawo ba.

Ban ce ki yi komai ba. Labari ne na ba ki, kamar na ruwan sama.

Kakanki,
Mijinyawa

*

Kano, tsakiyar damina

Kaka,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta iso hannuna ta wurin wata hajiya mai sayar da turare, har yanzu ƙamshin sandal take yi. Ina lafiya. Ka gaishe da Inna, ka ce mata tuwo ya karɓe ni amma ni ban gama karɓarsa ba. Mutanen nan suna dariyar Hausata, wai ina magana kamar tsohuwar da ta yi barci shekara ɗari ta farka. In Larabci ya suɓuce min na ce kwayyis sai su ce me, in na ce madalla sai su ce ashe na iya.

Ka ce wa gwiwar nan ina gaishe ta, tunda ita kaɗai ce ke iya zaunar da kai wuri ɗaya.

Karatu yana tafiya, sai dai abu guda ya tsaya min a wuya. Ka san aikina lissafin ruwan noma ne, yadda za a raba shi a magudanai kamar na gonakin Rahad na wajenmu. Muna yin lissafin da kwamfuta, cikin wata manhaja da malaminmu ya rubuta kafin ya tafi ƙarin karatu waje. Manhajar ƙananan ayyuka ce aka harhaɗa, kowane aiki da sunansa, kowanne kuma malam ya rubuta masa bayani a goshi: me yake yi, me za a ba shi, me zai mayar. In kana son bayanin, sai ka rubuta kalmar neman taimako ka bi ta da sunan aikin, nan take ya fito. Jikin manhajar malam ya kulle don kada ɗalibai su ɓata, bayanin ne kawai ya bari a buɗe.

To akwai babban aiki mai suna rabon ruwa. Na tambaya, ya ba ni bayaninsa tsaf, har ya ambaci cewa a cikinsa akwai wani ƙaramin aiki mai suna ƙafewa, mai lissafa ruwan da rana ke sha. Shi nake bukata, don ban san da wane ma'auni yake karɓar zafi ba, kuma in na yi kuskure a nan duk lissafina ya rushe. Na rubuta kalmar taimako, na rubuta ƙafewa. Sai na'urar ta ce ba a same shi ba. Na sake, na canza haruffa, na kashe na kunna. Ba a same shi ba. Ga sunansa ina gani da idona, Kaka, kuma na san yana aiki, don lissafi yana fitowa. Kamar ka ji tarin mutum a cikin gida, a ce maka ba kowa.

Maganar Ati ta hana ni sukuni. Me ya sa ba ka taɓa gaya mana akwai wani abu bayan jerin nan ba? Mun ɗauka waƙar yara ce. To ga ni, jininka ce ni, kuma na tambaya: ka gaya min duk abin da ke bayan katangar, daga farko har ƙarshe. Mailafiya ya rubuta, ni zan saya masa tawada.

Jikarka,
Sakinatu

*

Gadarif, riɗi ya fara fure

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Hadiza ta yi mura ta warke. Riɗi ya yi fure fari fat tun daga bayan gari har inda ido ya gaji, in iska ta taso sai ki ce tafki ne ke motsi. 'Yan Gallabat sun kawo bunni, ƙwayar gahawa mai kyau, na sa an dafa min jabana ina sha ina tunaninki.

Na sa Mailafiya ya karanta min labarin na'urar nan taki har ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Ban taɓa ganin kwamfuta ba sai ta ofishin mashru'i, hukumar gonaki, daga nesa, an lulluɓe ta da zane kamar mai jego. Na ɗauka ƙarfe ne kawai. Ashe tana da tarbiyya. Ko wane ne ya raine ta, ɗan gidan mutunci ne. Kada ki zage ta, kada ki yi ta kashewa kina kunnawa. Ba ƙarya ta yi miki ba. Daga inda kike tsaye, gaskiya ne ba a same shi ba.

Na kwana ina ganinta a raina kamar wani gari mai soraye, kowane soro da mutum zaune a ciki da bayaninsa a cinya, ya yi shiru, yana jin takun mai nema yana wucewa ta bayan gida. Na tausaya wa wannan ƙafewa. Na san irin zaman da yake yi.

Mailafiya ya ɗago kai ya ce min, Malam, ai kana gab da faɗa. Na ce ya kula da layinsa.

Yanzu ga amsar tambayarki. Kin ce in gaya miki duk abin da ke bayan katanga. Wannan abin da kika kira, ban san shi ba. Ba a same shi ba.

Kada ki saya wa Mailafiya tawada, yana da ita, rowa ce kawai.

Kakanki,
Mijinyawa

*

Kano, ƙarshen damina

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina fatan jiki da sauƙi.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ɗakin kwamfuta, na koma na zauna a kan matakala. Da farko na ɗauka tsokana ce irin taka, ka ɗauki maganar na'ura ka jefe ni da ita. Na yi fushi. Kai ka ce a tambaya, na tambaya, ka rufe min ƙofa a fuska.

Daga baya na haɗa takardun biyu na duba, sai tsoro ya kama ni. A ta farko ka ce ka shiga Ati ba kowa. A ta biyu ka ce ba ka san abin ba gaba ɗaya, kuma kana maganar ƙarfe kamar mutum, har kana tausaya masa. Kaka, akwai ciwon da ke kama tsofaffi ta nan, yana farawa da suna ɗaya. Na yi waya da Inna da Yaya Wada, na roƙe su su kai ka Madani wurin likita. Na san za ka ji haushi. Gara ka ji haushina kana da lafiya.

Ba zan ƙara takura maka da tambaya ba. In abin ya tafi, ya tafi, kai muke so ba labari ba. Ka ci abinci, ka sha maganin da za a ba ka, kada ka zuba wa akuya kamar na bara.

Lissafina yana nan inda yake. Na rubuta wa malam, shiru.

Jikarka mai ƙaunarka,
Sakinatu

*

Gadarif, an gama yankan dawa

Uwata,

Sallama bayan dogon shiru. Ina da rai. Hadiza lafiya, Wada lafiya, Mailafiya ya yi sabon tabarau, yanzu ya ga irin munin rubutunsa.

Sun kai ni Madani kamar buhun dawa. Likitan yaro ne mai ladabi. Ya tambaye ni yau wace rana ce, na gaya masa. Ya tambaye ni sunan garinmu, na ce wanne, wanda muka baro ko wanda muke ciki ko wanda za mu? Ya dubi Wada, Wada ya dubi ƙasa. Muka kamo hanyar gida. Na rantse a raina ba zan ƙara aika miki ko gaisuwa ba, kuma na riƙe rantsuwar har aka yanke riɗi aka jingina dammuna suka bushe aka kakkaɓe. Daga baya na ciyar da miskinai na warware ta, don zazzaɓi ya zo ya nuna min cewa ba ni da lokacin fushi.

Ya kwantar da ni sosai. A cikinsa na bi hanyar, amma ba yadda na saba ba. Wannan karon daga Gadarif na tashi ina komawa baya, kuma duk hanyar ruwa ne ya rufe ta, mai haske, iya idon sawu, ina ganin sawun raƙuma a ƙasansa ba su goge ba. Kowane zango yana tsaye a kan ruwan da ƙofarsa a buɗe, mutanen ciki sun fito bakin ƙofa suna kallona. Wata mata a Fashir ta miƙo min ƙwarya, na duba ciki na ga taurari da rana tsaka. Na ga gwaggo Mairama zaune a kan dutsen niƙa a tsakiyar ruwa tana tsifar kanta. Na ce mata, Gwaggo, yarinyar ta zo har bakin katanga, ki yarda in leƙo in kira ta. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsifa, gashin yana sauka a ruwa yana zama kifi.

Da na isa Dikwa na tarar an fara kwashe kaya. Mutum uku na sani a can. Biyu suna nan. Na ukun na ga bayansa yana tafiya da tabarmarsa a kafaɗa, na buɗe baki in kira shi, ba abin kira.

Zan gaya miki abin da ya faru da na farfaɗo. Wada na zaune kusa da ni yana min fifita. Na dube shi na ce a raina, jini ne, kunne gare shi, wa zai sani? Na tattara numfashi zan fara zuba masa ba tare da ya tambaya ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, direban tarakta ne daga Fashaga, ya ce min yana zuwa, ya fita. Da ya dawo ya tambaye ni ko akwai abin da nake so. Na ce ruwa.

Saboda haka kada ki ce kai muke so ba labari ba. Ni buhu ne, Uwata, kuma ɓera ya samu gindina. Hankalina kuwa lafiyarsa ƙalau, likitan ma ya faɗa, ko da yake Wada bai so a gaya min ba. Abin da na rubuta miki a waccan takarda, da hankalina na rubuta shi, kuma ba don in rufe miki ƙofa ba. Iyakar abin da aka yarda in faɗa ke nan, na ma ɗan wuce.

Yaya mutumin nan na cikin na'ura? Yana nan zaune?

Kakanki,
Mijinyawa

*

Kano, bayan ƙaramar salla

Kaka,

Barka da salla, barka da tashi. Takardarka ta yi wata da watanni a hanya, mai kawo ta ya tsaya umara. Duk wannan lokacin ina jin labarinka a bakin Inna, amma ta ce ka hana a ambaci sunana a rakubarka, rumfar nan da kake zama. Na yi kuka da na karanta. Ka yafe min maganar Madani. Ban fahimci abin da kake so da ni ba, har yanzu ban fahimta ba, amma na daina ɗaukarka marar lafiya. Taurin kai ne, shi kuwa gadonmu ne, ba likitan da ke cire shi.

Tunda ka tambayi mutumin cikin na'ura, albishirinka: na same shi.

Ba malam ne ya amsa ba, ba kuma wani ya nuna min ba. Wata ranar Alhamis ce, kowa ya tafi cin abinci, na zauna ina kallon allon kamar mai kallon rijiya. Na gaji da neman ƙafewa. Cikin wasa, don haushi, na rubuta kalmar taimako sau biyu, wato ina neman taimako a kan shi taimakon kansa. Sai ga bayani ya zubo, dogo, yadda ake tambayar kowane irin abu. Can ƙasa na ga layin da na yi wata da watanni ina nema. Ashe aikin da ke cikin wani aiki ba ya amsa kira daga waje, don a waje ba shi da suna. Sai ka fara kiran babban da yake ciki, ka sa wata 'yar alama mai kama da bakin kibiya, sannan ka kira shi. In akwai wani a cikin na cikin, haka za ka sake yi, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake.

Na rubuta taimako, rabon ruwa, kibiya, ƙafewa. Na danna. Sai ga shi, layi huɗu kacal, malam ya rubuta su tun kafin in zo ƙasar nan, suna zaune suna jira. Ma'aunin da na yi zato ba shi ba ne, da na bi zatona da na shayar da gonakin takarda ruwan da babu shi. A ƙarshen bayanin kuma an ce a cikin ƙafewa akwai wani mai suna iska. Na bi shi, shi ma ya amsa.

Don ka gane, tunda ba ka san kibiya ba: ba a tsayawa a fili a ce kowa da kowa ya fito. Kamar a jerin nan namu ne, mutum ya je ƙofar zango ɗaya ya kira shi da sunansa, ya ce, Nuhud, wa ke cikinki? Na ɗauki Nuhud ne don ita nake mantawa kullum muna yara, kana dungure min kai.

Ka ga na'urar ta fi ka sauƙin hali, ita in an tambaye ta yadda ake tambayarta, tana faɗa. Na yi alkawari ba zan ƙara takura maka ba, kuma ina kan alkawarina. In Allah ya yarda na gama, zan zo in zauna kusa da kai mu sha jabana, ko ba ka ce komai ba.

Jikarka,
Sakinatu

*

Gadarif, tsakiyar bazara

Uwata,

Lafiya lau, kowa lafiya, gaisuwar ta isa haka, Mailafiya rubuta da sauri.

Da ya kai layin nan na takardarki, Nuhud, wa ke cikinki, na ce ya tsaya ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya ɗora yatsa a kai kada ya gudu, na aika aka kira Alhaji Jatau daga kasuwa, ya zo da garin dawa a gemunsa yana tambaya ko mutuwa aka yi. Na sa aka karanta a gabansa. Mailafiya ya ce, Malam, tsakani da Allah misali ta yi, ba tambaya ba ce, ga shi ma ta ce ba za ta ƙara tambaya ba. Na ce da shi, ta kira zangon da sunansa ko ba ta kira ba? Ya ce ta kira. Ta ce wa ke ciki ko ba ta ce ba? Ya ce ta ce. Jini ce ko ba jini ba? Alhaji Jatau ya ce shi dai ya ji tambaya, kuma in an gama yana da awo a kasuwa. Ni ma ranar da na dace, ba da niyya na yi ba, gwaggo na tsefe wa wata yarinya kai na faɗa cikin wasa, sai na ga ta ajiye mashaci. Ba a taɓa cewa sai mai tambaya ya san ya tambaya ba.

Yanzu ki gyara zama. Mailafiya zai ji, amma abin da bare ya ji iska ce.

A cikin Nuhud akwai Adama.

'Yar Yusuf ce ta fari, yayar gwaggo Mairama, ba ta kai shekara goma ba lokacin. Uwarta ta rasu a hanya kafin su iso. Guzuri ya ƙare musu a Nuhud, suka zauna damina biyu suna yi wa mutanen wurin aiki. Ƙasar ba rijiya, ruwansu a cikin bishiyar kuka suke ajiye shi. Sukan rarake cikin itacen tun daga sama, wurin da rassa suka rabu, ya zama kamar randa mai rai. Da damina a tara ruwa a gindi a ɗebo da guga a ɗura, da rani a sha. Kowace kuka da sunanta da masu ita, ana gadonta kamar gona.

Kafin ruwa ya sauka sai an share cikin, bakin kuwa ƙarami ne, babba ba ya shiga. Adama siririya ce, ita ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura. Ranar farko ta yi ta kuka. Rana ta biyu ta yi shiru. Daga nan sai ta fara roƙo a bar ta ta daɗe. Ta gaya wa ƙanwarta cewa a ciki akwai sanyi ko da rana ta raba tsaka, bangon yana da laushi kamar cikin kabewa, sama kuma takan koma 'yar ƙarama kamar faifai, tsuntsu ya gifta ta sau ɗaya shi ke nan. In ta yi waƙar niƙa irin ta Haɗeja, muryar takan zagaya ta dawo mata da kauri, ba irin tata ba, irin ta babbar mace. Ta ce muryar innarsu ce. Ta ce ashe ba a hanya aka bar ta ba, gaba ta yi ta shiga cikin bishiyar tana jiransu.

Yusuf ya ji, ya hana a ƙara zura ta. Ba ta yi gardama ba.

Ranar tashi ta zo, ayarin da za su bi zuwa Ubayyid ya ɗaure kaya tun da sassafe, don hadarin farko ya haɗu a gabas kuma madugu yana so su wuce wani kwari kafin ya cika. Aka nemi Adama aka rasa. Mairama ce ta nuna da yatsa. Yarinyar ta hau kukar da ake kira Ummu Dawanbe ita kaɗai, ta ɗaura igiya a reshe ta sauka, sannan ta yi ta girgiza ta har kullin ya kwance, igiyar ta bi ta ciki. Masu kukar sun tafi kiwo da nisa. Duk ayarin ba yaron da za a zura, sai Mairama, ita kuwa ba ta kai ta riƙe igiya ba. Madugu ya ce ba zai kashe mutum arba'in don mutum ɗaya ba, ya buga wa raƙuminsa sanda.

Yusuf ya tsaya a gindin kukar da Mairama a kafaɗa. Ayari yana nisa, iska ta fara kaɗawa, ɗigon farko ya faɗo masa a hannu. Ya manna kunnensa a jikin itacen. Gwaggo ta ce ita ma ta manna nata, kuma har ta tsufa ba ta yarda murya ɗaya suka ji ba.

Nan ɗakin Adama ya ƙare.

Yau da asuba na bi hanyar, da na zo Nuhud na tarar da ke zaune a bakin ƙofa kin riga ni. Na wuce ban leƙa ba, wannan ɗakin ya fita daga wuyana. Na ji kaina sakayau har na sha jabana biyu.

Mailafiya ya ajiye alƙalami, ya cire tabarau, wai shi ba zai ƙara rubuta ko harafi ba sai na gaya masa wanda ya fito da ita. Na ce masa kai tela ne, ba jini ba. Ɗauki alƙalaminka ka rubuta mata cewa ina zaune ina jira.

Kakanki,
Mijinyawa ɗan Mudi